Warin mai a jikin moto: a duba mahaɗin tiyo tun kafin ya ci riba

Daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, moto ya zama jakin zamani. Shi ke kawo buhun tattasai da sassafe, shi ke maida uwar gida da cefane da marece. Da yawa daga cikinmu ma sun sayi moto sun ba wani yaro yana kabu-kabu, ana kawo musu kuɗi kullum. To amma sau nawa muke jin warin mai a jikin moto mu ce ai haka motoci suke? Jama'a, moto mai lafiya ba ya warin mai. In ya yi, akwai inda yake yoyo, kuma sau da yawa laifin na wani ɗan mahaɗi ne da bai kai babban yatsa ba.

Mai yana fitowa daga tanki ya bi tiyo zuwa inji. A motocin da muka saba da su, masu karburato, ana cusa tiyon ne a matse bakinsa da ɗan ƙarfe. Amma akwai wani mahaɗi na daban, wanda makanikai ke kira rakor, da ake ɓallewa da hannu ba tare da sufana ba. Yana da namiji da mace, da zoben roba mai hana yoyo, da ɗan maƙali mai riƙe su. An fi samun shi a manyan motoci da kuma masu famfon mai na lantarki. Tun Afrilun 2020 da Indiya ta tsaurara dokar hayaƙi, yawancin sababbin motocin da ake sayarwa a can irin waɗannan ne. A cikinsu famfo ne ke tura man da ƙarfi, shi ya sa ƴar tsaga kaɗan ta isa ta sa mai ya yi feshi a kan inji mai zafi.

Alamun matsalar guda uku ne. Ta farko yoyo: wari, danshi, ko ƙura da ta manne ta yi baƙi a wurin. Ta biyu, moto ya tashi ya mutu, ko ya riƙa shaƙewa in an ba shi wuta. Wasu mahaɗan suna da ƴar ƙofa a ciki wadda ba ta buɗewa sai sun shige sosai. In makanike ya ɗaga tanki bai maida su daidai ba, mai ba zai wuce yadda ya kamata ba. A nan ne ake sa mutum ya sayi sabon buji a banza. Ta uku, mahaɗin ya ƙi ɓallewa don rairayi ya cika shi.

Zafin bazara yana busar da roba har ta tsage, ƙurar hunturu tana cin zoben, man kwalba na ƴan ruwa-ruwa kuma, in ba a tace shi ba, yakan zo da datti.

Ga yadda ake dubawa. A fitar da moto fili, nesa da mai tuya, mai shayi da mai taba, a bari inji ya huce. In mai karburato ne, a rufe makunnin mai. In mai famfo ne, a cire wayar famfon, a tada inji har ya mutu da kansa, don ƙarfin da ke cikin tiyo ya sauka. A goge wurin da tsumma, a danna maƙalin, a ja a miƙe, ban da lanƙwasawa, ban da ɗosana sukudireba. Sai a dubi zoben: in ya tsage, ya baje ko ya bushe, a canza shi. A nemi wanda aka yi don mai, domin zoben famfon ruwa kumbura yake in ya sha fetur. In jikin mahaɗin ne ya tsage, babu gyara, sai sabo. Wajen maidawa a shafa ɗigon man inji a zoben, a tura har a ji ya yi ƙas, a ɗan ja a tabbata ya kama. Daga nan a tada inji, a kara busasshiyar takarda a ƙarƙashi. In ta jiƙe, aiki bai ƙare ba.

Abin da muke roƙo a bari shi ne ɗaure wurin da tsinken robar taya, ko leda, ko liƙa shi da gam. Mai yana cinye su, kwana kaɗan yoyo ya dawo.

Mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Moton da aka bari da makunni a buɗe yana ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa, in ya wuni ya kwana ya zubar da wajen lita 2. Kowa ya san nawa yake sayen lita. Wannan kuwa ita ce ƙaramar hasara. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, ya kan kai ga murhun da ke gefe. Moto mai yoyo da aka jingina a rumfar atamfa ko ta robobi barazana ce ga layi gaba ɗaya. In wuta ta kama, kada a watsa ruwa, don mai yana tasowa bisa ruwa ya bazu. A rufe ta da rairayi, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Iyayenmu mata, in kun ji wari kafin ku hau, ku faɗa wa ɗan kabu-kabu, ku nemi wani. Alhazai masu motoci, ran da yaro ya kawo kuɗi, a sunkuya a leƙa ƙarƙashin tanki. Allah ya kare mu da dukiyoyinmu, ya ba da kasuwa mai albarka.