Motar Kara Ba Ta Haifar da Ɗan Bindiga

Idan kaka ta yi a Maruda, aka girbe gero da dawa, kara ya taru a bayan gida, yara sun sami abin yi. Za ka ga yaro a inuwa da reza a hannu, yana tsaga ɓawon kara yana soka shi cikin totuwa, ya yanko tsohon silifas ya yi tayoyi, kafin la'asar mota ta fito. A da, akori-kura da tirela ake yi. Yanzu da ido ya saba da motocin sojoji a kan titin Birnin Kebbi zuwa Jega, wanda ya ratsa Kalgo, yaran sun koma ƙera motar sulke da tankar yaƙi da gwangwani da kwali. Su shafa musu kore da ruwan ƙasa, su jera su a kan yashi, su raba kansu gida biyu, su fara wasa.

Iyaye da yawa ba sa jin daɗin ganin haka, kuma dalilansu uku ne. Suna cewa wasan banza ne mai cin lokacin karatu da aikin gida. Suna cewa yaron da ya tashi yana ƙera kayan yaƙi zai girma da son yaƙi a zuciyarsa. Wasu kuma suna tsoron kada abin ya shiga cikin surar da addini ya hana. Masu wannan ra'ayi ba su faɗe shi don ƙin yara ba. Mutanen da suka ga abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Zamfara da kudancin Kebbi suna da haƙƙin su tsorata, domin wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Sai dai tsoro daban, hujja daban. Bari mu ɗauki maganganun ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, cewa wasan banza ne. A duba abin da hannun yaron yake yi. Kafin mota ta tsaya daidai, dole tayoyin su zo ɗaya, gatarin da ke riƙe su ya miƙe, nauyin gaba ya yi daidai da na baya. In ya yi kuskure, motar ce za ta karkace ta nuna masa, ba sai malami ya ɗaga bulala ba. Masu sana'ar ƙera ƙananan motoci a duniya sun mayar da awon nan ƙa'ida. Kamfanin Tamiya na Japan ya shahara da ƙananan tankoki masu awon ɗaya bisa 35, wato motar da tsawonta ya kai mita 7 za ta dawo santimita 20. Kamfanin Airfix na Ingila kuma an fi saninsa da awon ɗaya bisa 72. Wannan shi ne lissafin rabo da ake koyarwa a aji, yaron kuwa yana yin sa da yatsunsa.

Fentin ma ilimi ne. Mai yi da gaske yakan fara shafa fentin ƙasa don na sama ya kama, sannan launin jiki, sannan zanen ɓad-da-kama, daga ƙarshe ya sa ƙura da tsatsa a inda suke taruwa a jikin mota ta gaskiya. Ba zai iya ba sai ya lura da yadda ƙurar hunturu ke kwanciya a kan bodi, da inda lakar fadama ke maƙalewa da damina. Ido mai lura da hannu mai haƙuri su ne jarin kafinta da maƙeri da injiniya.

Misalin wannan yana kusa da mu. Jelani Aliyu ya tashi a Sakkwato yana zanen motoci tun yana yaro. Ya karanta zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya tafi Detroit a Amurka ya koyi zanen mota, ya shiga kamfanin General Motors. Shi ya zana siffar motar gwaji ta Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, kuma a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya. Manyan kamfanonin mota har gobe sukan gina siffar sabuwar mota da yumɓu kafin a taɓa ƙarfe. Abin da muke kira wasa a bayan gida, a can matakin farko ne na aiki.

Magana ta biyu ita ce mafi nauyi: wai wasan yana dasa son yaƙi. A nan tarihin wasan kansa ya isa amsa. A 1824 wani hafsa mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar wa rundunar Furushiya, a ƙasar Jamus ta yau, wani wasa da ake yi a kan taswira da 'yan guntayen ƙarfe, ja da shuɗi, da alƙali a tsakani. Rundunar ta karɓe shi don horar da hafsoshi, kuma bayan ta ci Faransa da yaƙi a 1871 sauran ƙasashe suka kwaikwaya. Abin da wasan ke koyarwa shi ne tambaya kafin motsi: nisan nawa ne, ina kogi, ina gada, in na shiga ta ina zan fita. Wannan tarbiyyar mai tunani ce, kuma ɗan bindiga ba daga tunani yake fitowa ba.

A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafinsa Little Wars, wanda ya tsara wa farar hula dokokin wasa da ƙananan sojoji da igwa. Wells mai ƙyamar yaƙi ne, kuma ra'ayinsa shi ne duk wanda ya buga ƙaramin yaƙi sau kaɗan zai gane irin wautar da ke cikin babban. Yaron da ya kwashe kwana uku yana gina tanka, aka fitar da ita daga wasa cikin minti ɗaya saboda gaggawarsa, ya ɗanɗana hasara ba tare da jini ya zuba ba.

Mu ma muna da namu. Dara wasan dabarun faɗa ce: kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, ana jeri, ana tarewa, ana ci. Dattawa sun shekara aru-aru suna buga ta a gindin bishiya, ba wanda ya ce ta mayar da su mayaƙa. Abin da ke jefa matashi daji sananne ne: rashin karatu, rashin sana'a, ƙwaya, zalunci da ramuwar gayya. Yaron da hannunsa ke cikin aiki kuma yake bin dokar wasa tare da abokansa ya yi nisa da waɗannan ƙofofi.

Wasan kuma yana iya zama ƙofar tarihi. Ƙasar Kebbi ce ta ga yaƙin Alwasa a 1805, inda rundunar jihadi ta sha wuya, ta ja da baya zuwa Gwandu, ta tsaya ta kare garin. Malamin da ya zana wannan a kan yashi, da tsakuwa a matsayin runduna, zai sa ɗalibai su fahimci abin da allo kaɗai ba zai ba su ba. Haka labarin kakanninmu da aka kai Boma a Yaƙin Duniya na Biyu.

Magana ta uku, ta addini, a kanta ya kamata a fi yin hattara. Abin da malamai suka tsananta a kai shi ne surar abu mai rai. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar sura da ya koma yin itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Mota da tanka ba su da rai. Ko a kan mai ran ma, malamai da yawa sun sassauta wa kayan wasan yara, suna kafa hujja da 'yan tsanar Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da ƙananan sojoji ba, ya tsaya a kan motoci, ya sa ƙwallon dabino a madadin mutum.

Akwai gaskiya a cikin damuwar iyaye da ba za a musa ba. Duk wasan da ya hana salla ko makarantar allo ko ta boko ya wuce gona da iri. Bakin gwangwani yana yanka, reza ba ta ƙaramin yaro ba ce. Kuma akwai bambanci tsakanin yaron da ke gina mota a zaune da wanda ke ɗana wa mutane bindigar roba a kan hanya. Na biyun ya cancanci tsawatarwa. Maganin waɗannan shi ne a sa lokaci a sa ido.

Don haka, ya ɗan'uwana uba, idan ka dawo daga gona ka tarar da ɗanka a zaure da motar sulken gwangwani, kada ka sa ƙafa ka take ta. Ɗauke ta ka juya. Tambaye shi yadda ya sa tayoyin suka zo daidai, da dalilin da ya sa ya zaɓi wannan launi. In ya amsa, ka ba shi tsohon ma'auni ka ce gobe ya yi maka wata da ta ninka wannan sau biyu, komai da komai. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannun da ya koyi gini tun yana ƙarami ya fi kowa sanin zafin rushewa.