Uku da Ɗan Ƙari

Ɗauki faifai, ka nemi zare. Gwada faɗin faifan daga wannan baki zuwa wancan, ta tsakiya, ka yi alama. Sai ka zagaye bakinsa da zaren, ka yanke a inda ya haɗu. In ka miƙe zaren ka auna shi da faɗin nan, zai ba ka uku, sai ɗan guntu ya rage a hannunka. Canza faifan da murfin tukunya, ko tayar keke, ko bakin rijiya, amsar ɗaya ce: uku da ɗan ƙari. Wannan lamba ita masana lissafi ke kira pi, suna rubuta ta da harafin Girka π. A bakin Bahaushe "fai" take fitowa, sai ka ce daga faifan aka yanko sunan, alhali ba dangin iya ba na baba.

Ukun ba shi da wuyar fahimta. Zana da'ira, ka zana siffa mai gefe shida daidai wa daida a cikinta, kowace kusurwa tana taɓa bakin da'irar. Kowane gefe zai zama rabin faɗin da'irar, rabi shida kuwa uku ke nan. Amma gefen miƙaƙƙe ne, bakin da'ira kuwa lanƙwasa yake yi, hanyarsa ta fi tsawo. Daga wannan lanƙwasa ɗan ƙarin yake fitowa, kuma a kansa aka shafe dubban shekaru ana fama.

Mutanen Babila sun yi aiki da 25 bisa 8, wato 3.125. Na Misira ta dā, kamar yadda wani marubuci mai suna Ahmes ya kwafa a takarda, lissafinsu ya kai wajen 3.16. Arkimidis na Sirakus, a tsibirin Sisili, shi ya fito da dabarar da ta fi burge ni, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya sa siffa mai gefe shida a cikin da'ira, ya sa wata a wajenta, da'irar ta zama tsaka-mai-wuya: ta fi ta ciki tsawo, ba ta kai ta waje ba. Sai ya riƙa ninka gefunan, 12, 24, 48, har 96. Duk ninki ɗaya, katangun biyu suna ƙara matsowa. Inda ya tsaya, ya ce lambar ta fi 223 bisa 71, amma ba ta kai 22 bisa 7 ba.

To, ga 22 bisa 7 ɗinmu na makaranta. Duk wanda ya yi firamare zai tuna yadda a littafin lissafi faɗin kowace da'ira ke zama 7 ko 14 ko 28, don bakwai ta cinye bakwai a huta. Da yawanmu mun tashi da zaton ita ce pi ɗin kanta, ashe katangar sama ce kawai ta Arkimidis. In ka raba 22 gida 7 za ka sami 3.142857, kuma lambobi shidan nan da ke bayan ɗigo su za su yi ta maimaituwa. Pi kuwa 3.14159265 take farawa, ta wuce gaba ba ƙarshe, ba kuma jerin da ke dawowa. A 1761 Johann Lambert ya kafa hujjar cewa babu wasu cikakkun lambobi biyu da za ka raba ɗaya da ɗaya su ba ka pi cif-cif.

Wannan bai sa 22 bisa 7 ta zama abin raini ba. In fili zagayayye yana da faɗin kilomita ɗaya, kuskurenta a tsawon katangarsa mita ɗaya ne da 'yan kai. Mai haƙa rijiya da mai ɗinka hula ba su da abin da za su yi ƙorafi a kai. Wanda ke son fiye da haka ya nemi Zu Chongzhi na ƙasar Sin, wanda a ƙarni na 5 ya fito da 355 bisa 113. A filin nan dai, kuskurenta bai kai rabin milimita ba. Ga sauƙin haddacewa: rubuta 113355, ka raba biyu, ka ɗora rabin ƙarshe a kan na farko.

A Samarkand, a 1424, Jamshid al-Kashi ya kai lamba 16 bayan ɗigo, da niyyar ko sammai aka auna, kada kuskuren ya kai kaurin silin gashin doki. Wanda nake tausaya wa shi ne William Shanks na Ingila. Shekara da shekaru yana lissafi da hannu, a 1873 ya fitar da lamba 707. Sai bayan shekara sama da 70 aka gano ya yi tuntuɓe a ta 528, duk abin da ya biyo baya aikin baban giwa ne. Allah Ya rufa masa asiri, bai rayu ya ji ba. Yau kwamfuta ta wuce lamba tiriliyan 100, ga kuma injiniyoyin NASA suna tuƙa kumbonsu da lamba 15 kacal bayan ɗigo.

An ma taɓa yunƙurin kashe maganar da doka. A 1897 wani likita ya kai wa majalisar jihar Indiyana ta Amurka ƙudurin da, in an bi lissafinsa, pi za ta koma 3.2. Majalisar wakilai ta amince. Sai aka yi dace wani farfesan lissafi daga jami'ar Purdue ya shigo harabar, ya ja hankalin 'yan majalisar dattawa, suka jingine ƙudurin. Yana nan a jingine har gobe.

Akwai kuma bikin ranar pi, shi ma daga Amurkar ya taso. Su wata suke fara rubutawa kafin rana, don haka 14 ga Maris ke fito musu 3/14, kamar 3.14 na farkon pi. A 1988 Larry Shaw, ma'aikaci a wani gidan nune-nunen kimiyya a San Faransisko, ya tara abokan aikinsa suka yi tattaki a zagaye, suka ci wani gasasshen abincin fulawa mai siffar faifai, wanda sunansa da na lambar furuci ɗaya ne a Turanci. Abin wasa ya girma, har a 2019 UNESCO ta ayyana ranar a matsayin Ranar Lissafi ta Duniya. An yi sa'a kuma ita ce ranar haihuwar Albert Einstein, a 1879.

Mu da muke fara rubuta rana kafin wata, 14/3 ba ta ce mana komai ba. Tamu ranar 22 ga Yuli ce, 22/7, da damina sosai, kuma ana bikinta ita ma. Ni a nan na tsaya, don lissafi yana bayana: tazarar 3.14 da pi ta kai 0.0016, ta 22 bisa 7 kuwa 0.0013 ce. Bikin kintace ya fi bikin asalin kusa da gaskiya. Shi ko Zu Chongzhi, da ya fi su duka dacewa, sai ya yi haƙuri har a sami shekara mai wata 113.