Fanbel da Taimin Bel: Yaushe Ake Sauya Su?

Bel iri biyu ne a injin mota. Na farko shi ne fanbel, wanda ake gani da zarar an ɗaga bonet. Shi ke juya oltaneta mai cajin batir, da famfon sitiyari, da na'urar sanyi, a wasu motocin har da famfon ruwan da ke sanyaya injin. Na biyu shi ne taimin bel, mai haƙora, wanda ke ɓoye cikin murfi. Aikinsa daidaita buɗewar bawul da hawa da saukar fistin, ta yadda in karanshaf ya juya sau 2, kamshaf zai juya sau 1. Ba kowace mota ke da shi ba. Corolla da yawa na shekarun 2000 sarƙa suke da ita, amma Golf 3 da Peugeot 406, waɗanda ba baƙi ba ne a tashoshin Jigawa, galibinsu bel ne.

Fanbel yakan yi gargaɗi. Zai yi ƙara da safe in an tayar da mota, ko ya yi sheƙi, ko gefensa ya fara zare. Na da, tsagewa yake yi. Na zamani, da ake yi da robar EPDM, yakan haura kilomita 100,000 bai tsage ba, sai dai layukan cikinsa su cinye har ya riƙa zamewa a kan fuli. Saboda haka rashin tsaga ba shaidar lafiya ba ne.

Taimin bel kuwa sau da yawa ba ya sallama. A injina da dama, in ya tsinke mota na gudu, fistin ne zai daki bawul ya lanƙwasa su, aikin da sai an sauke kan injin. Kamfanoni kan ƙayyade masa kilomita 60,000 zuwa 100,000 a tsofaffin motoci, ko shekara 4 zuwa 6, duk wanda ya riga zuwa.

A ƙasar Haɗejia wannan lissafin yana buƙatar ragi. Zafin bazara na Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, kuma zafi ne ke busar da roba. Ƙurar hunturu da yashin hanyoyin ƙauye suna shiga tsakanin bel da fuli suna gurzarsa. Da damina, musamman a shekarun ambaliya irin 2020 da 2022, motocin da ke ɗauko shinkafa da kifi daga fadamun Auyo, Kirikasamma da Guri suna ratsa ruwa da laka, waɗanda ke kashe boris ɗin fuli. Ga kuma baƙin mai: in sil yana yoyo ya jiƙa bel, robar takan kumbura, haƙoran su ɓalle. Mafi muni shi ne motar Kwatano, wadda ba wanda ya san ranar da aka sauya mata bel, mitarta ma ba abin dogaro ba ce. Irin wannan, a sauya mata tun kafin ta fara aiki.

In za a sauya, bakaniken da ya san aikinsa zai haɗa da tanshina da fuli, da famfon ruwa in taimin bel ke juya shi, domin kuɗin kwancewa ɗaya ne. Bel na hannu asara ne ko da ya yi kyau a ido, kuma a Ƙofar Ruwa ta Kano, kamar kowace kasuwar kayan gyara, akwai mai kyau akwai jabu. Bayan an ɗaura, a rubuta kwanan wata da lambar mita a jikin murfin.