Yadda Ake Gane Lu'ulu'u Na Gaske Da Na Jabu

Tambaya:

Daga Gwiwa nake. Na sayi sarƙar lu'ulu'u da tsada zan sa a lefen ƙanena, sai wata 'yar'uwa ta ce roba ce. Yaya zan gane? In ta tabbata jabu ce, ina da haƙƙin mayarwa?

Amsa:

Da farko, lu'ulu'un da ake nufi a nan ba daimon ba ne, duk da mutanenmu kan haɗa su a suna ɗaya. Shi ne wanda Allah Ya ambata tare da murjani a Suratur Rahman, aya ta 22. Yana samuwa ne a cikin wata halittar ruwa mai ɓawo biyu: idan wani abu ya shige mata jiki, sai ta riƙa lulluɓe shi da wani sinadari mai sheƙi, shafi kan shafi, har ya zama ƙwaya.

Abin da ke kasuwa iri uku ne. Akwai wanda ya samu da kansa, irin wanda mutanen Bahrain suka shahara da nutso don ɗebowa; wannan yana da wuyar samu ƙwarai. Akwai na kiwo, wanda mutum ne ke saka wa halittar abin da za ta lulluɓe. Mikimoto na Japan ya yi nasara a kansa a 1893, kuma a yau mafi yawansa daga China yake fitowa. Shi ma na gaske ne. Sai na jabu: gilashi ko roba da aka shafa wa fenti mai ƙyalli.

Ga yadda za ka gwada:

1. Goga ƙwaya a hankali a bakin haƙorin gaba. Na gaske za ka ji ɗan kaushi kamar yashi mai laushi, na jabu kuwa santsi ne.
2. Na gaske yana da sanyi a farkon taɓawa, kuma ya fi roba nauyi. Amma gilashi ma yana da sanyi da nauyi, don haka wannan kaɗai bai isa ba.
3. Dubi ƙwayoyin a cikin haske. In duk girmansu da launinsu ɗaya ne, babu ko tabo, to akwai alamar tambaya.
4. Dubi bakin hudar da zare ya bi. A na jabu fentin kan taru ko ya ɓare a wurin.

Kada ka gwada da wuta ko ruwan kal, domin suna lalata na gasken.

Game da hukunci: sayar da na roba halal ne idan an faɗa wa mai saye abin da yake saya. Haramcin yana cikin sayar da shi da sunan na gaske, domin algus ne, kuma Annabi (SAW) ya yi kashedi mai tsanani a kan algus a hadisin da Muslim ya ruwaito. Saboda haka idan an sayar maka da shi a matsayin na gaske, kana da haƙƙin mayarwa ka karɓi kuɗinka, ko da shi mai sayarwar ma yaudararsa aka yi. Haka kuma kada a kai shi gidan amarya ana cewa na gaske ne alhali an san ba haka ba ne.

Allah ne Mafi sani.