Ranar da sitiyari ya suɓuce mini a gangaren Aburi

Duk wanda ya taɓa saukowa daga Aburi zuwa Ayi Mensah da mota ya san halin hanyar nan. Gangare ne, kwana na bin kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun. Wata Asabar muna dawowa daga ɗaurin aure a zongon Koforidua, ni da uwargida da yara biyu a baya, rana ta take, tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Na zo shan wata kwana sai hannun ya zame a kan sitiyari kamar na kama tarwaɗa. Motar ta nufi ƙarfen gefen titi kafin na sake cafke shi da hannu biyu. Abin bai kai daƙiƙa biyu ba, amma har muka shigo Madina ƙirjina bai daina bugawa ba.

"Maigida, barci kake yi ne?" in ji uwargida, bayan ta gama salati.

Idona biyu. Da safiyar ranar na kai motar wurin wanki a unguwarmu, saboda ba na so in shiga taron biki da ƙura. Yaron da ya wanke ta ya yi aiki da zuciya ɗaya. Da ya gama, ya ɗauko wata kwalbar feshi ya bi gaban mota, ƙofofi, kujeru, har sitiyari da kan giya, ya goge su suna walƙiya. Na ji daɗi, har na ƙara masa sidi kaɗan a kan kuɗin wanki. Wato da kuɗina na sayi santsin da ya so ya jefa mu rami.

Motar ta hannu ce, irin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka ta tashar Tema, mai kujerun fata ruwan madara. Tun da na saye ta sitiyarin yana sheƙi, kujerar direba ma haka, ni kuwa na ɗauka haka fata mai kyau take. Bayan abin da ya faru na kai ta Abossey Okai wurin wani dattijo mai ɗinkin kujerun mota, da niyyar ya sa mini rigar sitiyari. Ya shafa shi da babban yatsa, ya dubi yatsan.

"Alhaji, riga ba za ta yi maka magani ba. Bari ka ga wani abu."

Ya manna salatif a tsakiyar sitiyarin daga sama, ya raba shi biyu. Ya ɗiga wani ruwan sabulu a kan ɗan buroshi mai laushi, ya cuɗa gefe ɗaya har ya yi kumfa, ya share da farin tsumma. Tsumman ya fito baƙi-baƙi, da maiƙo. Ya maimaita sau uku. Da ya cire salatif ɗin sai ga launi biyu: gefen da bai taɓa ba yana ƙyalli, gefen da ya wanke ya dusashe, ba ya ɗaukar ido ko kaɗan, kuma in ka kama shi sai ka ji yana riƙe hannu.

Na ce, "Masta, ai ka kashe masa kyau."

Ya yi dariya. Ya ce in shiga kowane shagon sabbin motoci in duba, ba zan ga sitiyari mai ƙyalli ba. Dusasshen nan shi ne yadda ya fito daga kamfani. Abin da nake kira kyau kuwa gumin hannuna ne da na mutumin da ya riga ni tuƙa motar a can Amurka, da man shafawa, da ƙura, duk sun danƙare sun cike ƙananan ramukan fatar, hannu ya yi ta goge su shekara da shekaru har suka zama kamar madubi. Feshin wurin wanki ya zo ya ɗora silikon a kai.

Abin ya tsaya mini a rai, domin ni a gidan fata na tashi. Kawuna baduku ne a Sabon Zongo, yana ɗinka kube da jaka da layu da takalma. A hannunsa na koyi cewa fata tana jin ƙishi, in ba ka ba ta mai ba sai ta bushe ta tsage. Kuma gaskiya ne, ga irin fatar da yake aiki da ita. Fatar majema da bagaruwa ake jeme ta, fuskarta a buɗe take, ka shafa mata man gyaɗa ko man shanu ta shanye, ta yi laushi, launinta ya ƙara duhu. Da wannan ilimin yawancinmu muke tunkarar kujerar mota, shi ya sa za ka ga mutum ya ɗauko man kaɗe ko basilin ko man goge takalmi yana mulka wa kujera.

Fatar mota wata aba ce daban. Mafi yawanta da gishirin kuromiyam ake jeme ta a masana'anta, sannan a fesa mata fenti, a bi da wani siririn rufi na roba wanda ba ya ƙyalli, domin ta jure rana da gumi da gugar tufafi. Abin da hannunka yake taɓawa rufin nan ne. Kana iya gwadawa da kanka: ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kan kujera. In ya tsaya ya dunƙule, fatar rufaffiya ce. Inda ruwa bai shiga ba, man kaɗe ma ba zai shiga ba. Zama zai yi a sama yana kama ƙura, ya ɓata maka farar riga ranar Juma'a, wanda ya gangara cikin ɗinki kuma ya jiƙa zare ya tara datti. Wasu kujerun ma da muke kira fata ba su taɓa zama a jikin saniya ba. Mercedes suna da tasu ta roba da suke kira MB-Tex, Toyota suna da SofTex, kuma ko a motar da ke da fatar gaske, sau da yawa inda ake zama da inda ake jingina ne kawai fata, gefe da baya roba ce. Wanda ya fara kiran jakar roba "leda" kamar ya hango wannan.

To me ke cin rufin? Na farko hannunmu. Mu mutane ne masu shafa mai, musamman da hunturu, ga turaren mai da ake murzawa a tafin hannu kafin a tafi masallaci, ga maganin sauro. Tun lokacin korona kuma aka ƙaro man tsabtace hannu mai sinadarin alkohol, wanda mutum zai shafa ya kama sitiyari kafin ya bushe. Tun a 2019, kafin annobar, kamfanin Ford ya yi bayanin cewa irin wannan man, da man kare fata daga rana, da maganin sauro, suna lalata rufin kayan cikin mota. Ba a ce a daina shafawa ba. A bari hannu ya bushe tukuna.

Na biyu rana. A 2018 masu bincike a jami'ar jihar Arizona ta Amurka sun auna motocin da aka ajiye awa ɗaya a rana a lokacin tsananin zafi. Gaban mota ya kai kusan digiri 69 a ma'aunin Selsiyas, sitiyari kusan 53, kujeru kusan 51. Wanda ya taɓa barin mota a fili a Tamale ko Bolga cikin watan Maris ba ya buƙatar a faɗa masa. Zafin nan yana narkar da maiƙon da ke kan fata ya ƙara manne shi, yana kuma busar da rufin har ya fara tsattsagewa. Ƙurar hunturu ita ce ta uku: kowane shiga da fita, wandonka yana murza ta a kan kujera kamar yashi. Duba gefen kujerar direba na wajen ƙofa a kowace tsohuwar mota, nan ne ake fara ganin rauni.

Akwai wata matsala da ta fi damun masu kujera mai haske, wato zubar rini. Sabuwar shadda mai duhu da sabon wandon jins duk suna barin shuɗi a kan kujera, musamman in an yi gumi. In aka goge a kwana ɗaya ko biyu yakan fita. In ya yi watanni ya shige cikin rufin, sai dai fenti. Kujerar uwargida tana da wannan tabo har yau, daga ankon wani biki.

Yadda dattijon ya koya mini wankin ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. A inuwa ake yi, bayan fata ta huce. A fara zuƙe ƙura da inji, a bi layin ɗinki da lungun da ke tsakanin mazauni da majingina, domin in ka jiƙa ƙura ka goga, kai da kanka kake kankare kujerar. Sabulun da aka yi don fatar mota ya fi, ana samun sa a shagunan kayan mota. In babu, littafin da Toyota ke bayarwa tare da motocinta ya ce a yi amfani da sabulun ruwa marar kaifi, irin na wanke kayan ulu, kashi biyar cikin ɗari, wato murfi ɗaya na sabulu a murfi kusan ashirin na ruwa. A fara gwadawa a wani ɓoyayyen wuri. A sa sabulun a kan buroshi ko tsumma, kada a fesa kai tsaye, balle a kan sitiyari inda maɓallan rediyo da na oda suke. A ɗauki wuri kamar faɗin tafin hannu biyu, a cuɗa a hankali, a share kumfar da tsumma mai ɗan danshi kafin ta bushe, a bi da busasshe. In tsumma ya fito da datti, a sake. Zagaye uku masu sauƙi sun fi zagaye ɗaya na ƙarfi.

Kujera mai ƙananan huji-huji tana son ƙarin kula. Ruwa yana bi ta hujin ya sauka cikin soso, a ƙarƙashi kuma akwai wayoyi, har da na'urar da ke gane ko akwai mutum a kujerar gaba. A Accra, inda iska ke da danshi, soso mai ruwa kwana kaɗan zai fara wari da fumfuna. Kumfa kawai ake so, tsumma a matse shi sosai.

Abubuwan da na gani da idona ana zuba wa kujera a wuraren wanki sun haɗa da omo, sabulun wanki na sanda, bilic, kananzir, fetur, har da man birki wai don baƙin ya fito. Man birki fentin jikin mota ma yana ci, ina ga siririn rufin kujera. Omo da sabulun salo suna da kaifi, fata kuwa ba ta son kaifi. Za su fitar da datti yau, bayan wata shida kujera ta yi tauri ta fara farfashewa. Farin soson nan da ake tallarsa wai yana goge kowane tabo, shi ma a yi hattara da shi. Kankara yake yi. Zai kashe ƙyalli nan take, amma da rufin yake tafiya.

Ba kowane ƙyalli ne wanki ke fitarwa ba, wannan ma sai da na gani a motata. Gefen hagu na sitiyarin, daidai inda nake ɗora hannu, ya ƙi dusashewa bayan wanki uku, kuma tsumman ya fara ɗaukar launin sitiyarin kansa. Dattijon ya tsayar da hannunsa. Ya ce nan rufin ya riga ya cinye, ƙarin gogewa ɓarna ce. Irin wannan wuri sai a sake masa fenti da rufi, ko a ɗinke sitiyarin gaba ɗaya da sabuwar fata. Na zaɓi ɗinkin. Rigar roba da na zo nema tun farko ya hana ni, ya ce in ba ta kama daram ba tana iya juyawa ita kaɗai sitiyari yana tsaye, wato abin da na gudo daga gare shi. Haka rigar kujera: motoci da yawa suna da jakar iska a gefen majingina, rigar da ba a yi ta don haka ba tana iya tare ta ranar da ake buƙatarta. Masu barin ledar kamfani a kan kujera don a san motar sabuwa ce, su ma su sani leda tana manne wa fata in mota ta yi zafi.

Ba na ganin laifin yaran wurin wanki sosai. Abin da muke biya suke ba mu. In mota ta fito ba ta ƙyalli, mai ita zai ce ba a wanke ba, ya hana ɗan abin da yake ƙarawa. Direbobin Uber da Bolt da ke biyan kuɗin mota kaɗan-kaɗan har ta zama tasu sun fi kowa shiga wannan tarko, kullum suna wurin wanki, kullum ana fesawa, ranar da motar ta zama tasu kujerun sun riga sun tsufa. Masu saye kuma sun waye. Dillali zai leƙa ya ga lambar tafiya kaɗan a allo, ya ga sitiyari yana walƙiya kamar an yi shekara goma ana murza shi, sai ya fara zargin an taɓa lambar, ya rage kuɗi.

Yanzu akwai tsumma biyu a aljihun ƙofata. Duk Juma'a bayan an sauko, in motar ta huce, nakan goge sitiyari da kan giya da mai danshin, in bi da busasshen. Wankin sabulu kuwa bayan wata uku-uku, da ƙari ɗaya in hunturu ya wuce. In zan daɗe a wuri, ina neman inuwa ko in shimfiɗa abin tare rana a gilashin gaba.

Da na koma wurin wankin unguwarmu na ce wa yaron ya wanke waje, ya zuƙe ƙurar ciki, feshin kuma ya tsaya a tayoyi. Ya dube ni da damuwa.

"Baaba, wancan karon bai yi kyau ba ne?"

Na kira shi ya zauna a kujerar direba, na ce ya kama sabon ɗinkin da jiƙaƙƙen hannunsa ya murɗa, sannan ya kama kan giyar da ban riga na wanke ba. Ya gwada duka biyun, ya sake gwadawa, ya ajiye kwalbar a kan bokiti. Na ba shi ƙarin da na saba ba shi.