Ƙofa ɗaya, iyalai ɗari da hamsin

A 1972 hukumomi a birnin St. Louis na Amurka suka fara sa nakiya suna rusa wani rukunin gidaje da bai cika shekara ashirin da ginawa ba. Sunansa Pruitt-Igoe. Dogayen gine-gine ne guda 33, kowanne hawa 11, masu gidajen haya kusan 2,870, kuma wanda ya zana su shi ne Minoru Yamasaki, mutumin da daga baya ya zana tagwayen benayen New York da aka kai wa hari a 2001. Siminti bai tsage ba, tushe bai zauna ba. Mutane ne suka gudu. Fashi da duka da fashe-fashen tagogi sun kai matsayin da uwa ke fargabar aiken ɗanta ƙasa, kuma kafin 1976 ta ƙare an share wurin gaba ɗaya.

Wani mai zanen gine-gine da ke koyarwa a birnin, Oscar Newman, ya shiga gidajen tun kafin a rushe su, ya lura da abin da sauran jama'a suka tsallake. Cikin ɗakuna tsaf yake. Inda iyali biyu kaɗai ke raba bakin matakala, nan ma a share yake. Amma doguwar barandar da iyali 20 ke bi, da lif da ƙofar shiga da iyali 150 ke tarayya a kansu, sun koma juji kuma maɓoyar 'yan daba. Lif ɗin ma ba ya tsayawa sai a hawa na 1 da na 4 da na 7 da na 10, don haka dole akasarin mazauna su ƙarasa gida ta matakalar da ba mai ganin abin da ke faruwa a cikinta. Tsallaken titi kuwa akwai tsofaffin ƙananan gidaje na Carr Square Village, mazaunansu talakawa iri ɗaya, amma suna cike da jama'a, lafiya lau.

Daga nan Newman ya fito da bayanin da ya wallafa a 1972: gwargwadon yawan iyalan da ke raba ƙofa ɗaya, gwargwadon raguwar wanda zai ji cewa wurin nasa ne. Idan ku shida ne a bene, kun san fuskar juna, baƙo na shigowa za a ce masa "Malam, wa kake nema?" Idan kun haura ɗari, kowa zai ɗauka baƙon wani ne, ya kau da kai. Da ya duba bayanan gidajen gwamnati na New York, ya tarar a mafi tsayin benaye fiye da rabin laifuffukan a lif da matakala da farfajiyar ciki ake aikata su. A gidaje masu hawa uku, abin bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

Bahaushe ba zai ji wannan a matsayin sabon ilimi ba. Aikin zaure ke nan: baƙo ya yi sallama, ya tsaya inda ake ganinsa, ba ya zarcewa cikin gida sai da izini. Abin takaicin shi ne benayen hayar da ke tashi a Abuja da Kano da Kaduna sun yar da zauren ba su kawo madadinsa ba. An dogara da katanga mai tsawo, da waya mai ƙaya, da maigadi ɗaya da ake sa ran zai kwana ido biyu bayan ya wuni yana buɗe get da zuwa aike. Doguwar katanga kuwa kaifi biyu gare ta. Tana wahalar da mai haurawa, amma da zarar ya dira ciki ta rufe shi daga idon maƙwabta da masu wucewa.

Ba za a ɗora wa zanen gini laifin duka ba, kuma masu sukar Newman sun yi gaskiya a nan. Tsakanin 1950 da 1970 jama'ar St. Louis sun ragu daga kimanin 857,000 zuwa 622,000, ayyukan yi sun bar tsakiyar gari. Kuɗin gyaran Pruitt-Igoe daga kuɗin haya ake fitar da shi. Da ɗakuna suka zama wayam, sai lif ya lalace ba gyara, fitila ta mutu ba canji, makulli ya karye aka bar shi haka. A ganina wannan ɓangaren ya fi shafar mu. Ƙwan fitilar matakala da ya yi wata a mace yana gaya wa ɓarawo cewa babu mai kula da wurin. Kyamarar tsaro ma, idan ba mai dubawa kuma tana mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta, ado ce kawai.

Akwai kuma gyaran da ke jawo wata masifar. Gidan da aka lulluɓe kowace taga da ƙarfe, aka datse ƙofar baya da kwaɗon da ba wanda ya san inda makullinsa yake, ya tsira daga ɓarawo ya faɗa hannun gobara. A bar taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗuwa daga ciki.

Mai neman haya a bene, kafin ka biya kuɗin shekara, je ka ga wurin bayan isha'i. Ƙirga iyalan da za ku raba ƙofar shiga, ka duba ko tana rufuwa sosai. Hau matakalar, ka ga ko akwai haske idan babu wuta, ko kuma akwai tagar da ke kallon inda za ka ajiye mota ko babur. Ka tambayi waɗanda ka tarar wa ke biyan kuɗin gyara, kuma kwana nawa ake yi kafin a canza fitila. Idan ka tare, kada mako ya wuce ba ka shiga ka gaida maƙwabtan hawanka kun karɓi lambar wayar juna ba.