Yadda Ake Raya Tsohuwar Mota Mai Tsatsa A Gida

Kowane manomi ya san wahalar kai amfanin gona kasuwa, balle mai tumatir, wanda in ya kwana biyu bai sami mota ba sai ya yi hasara. Don haka waɗansu sukan sayi tsohuwar mota da aka jingine, su gyara ta a gida. Dabara ce mai kyau, amma tana bukatar lura, don araha ba ta ado.

Ɗaya daga cikin motocin da ake iya yi wa wannan aiki ita ce Volkswagen Kombi. An fara ƙera ta a Jamus cikin 1950, aka daina a Brazil cikin 2013. Tun 1951 wani kamfani mai suna Westfalia ya riƙa sa mata gado da tebur da kabad, don matafiyi ya kwana a ciki. Manomi kuwa zai fitar da waɗannan duka, ya sami wurin ɗora buhuna.

Babban abokin gābar tsohuwar mota shi ne tsatsa. Ruwa da iska ne ke haɗuwa su ci ƙarfe, gishiri kuwa yana ƙara musu sauri. A Turai akan barbaɗa gishiri a kan hanya lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, shi ya sa motar da ta daɗe can takan ruɓe ta ƙasa alhali samanta na ƙyalli. Saboda haka kada mai saye ya ruɗu da fenti. Sai ya ɗauki sukundireba da tocila ya shiga ƙarƙashinta, ya tsokani shasi, da dandamalin ciki, da ƙasan ƙofofi, da bakin tayoyi, da mazaunin batir. Inda ƙarfen ya huje ko ya yi ɓawo-ɓawo, nan ciwon yake. Ya kuma bi jikinta da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa, an cike rami ne da fila aka shafe. In shasi ya ruɓe wurin da ke riƙe da tayoyi, gara a haƙura da motar, don ranar da aka loda mata masara za ta iya karyewa a hanya.

In shasi na da lafiya, rani ne lokacin aikin, ga shi an gama girbi, ga iska a bushe. Da fari a kwashe kujeru da shimfiɗar ciki, a wanke laka, a bar ta ta bushe sarai. Sa'an nan a kankare tsatsa da buroshin waya da samfefa har farin ƙarfe ya bayyana. Akwai wani ruwan magani da ake sayarwa wurin masu fenti, wanda ke mai da ragowar tsatsa baƙa ta daina ci. Bayansa sai a shafa jan fentin nan na hana tsatsa a ranar, sa'an nan fentin ado ya biyo. Wanda ya yi fenti bisa tsatsa ya yi aikin banza, damina ɗaya za ta tona shi.

Wurin da ya huje kuwa, sai a yanke shi duka, mai walda ya sa sabon ƙarfe. Amma kafin wuta ta matso, lalle ne a cire tankin fetur da batir a kai su nesa. Tankin da ba kome a ciki ma yana fashewa, don tururin fetur na nan. Kada kuma kowa ya kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare ta da manyan katako.

Injin tsohuwar Kombi a baya yake, kuma iska ce ke sanyaya shi, ba shi da lagireto. In belin fanka ya tsinke, nan da nan zai ƙone. Kafin a tashe shi, a juye tsohon fetur da baƙin mai, a wanke kafireto, a sa sababbin fulogi. A canza tiyon fetur duka, don in ya tsufa yakan tsage ya ɗiga bisa inji mai zafi, gobara ta tashi. Man birki yana shan ruwa, shi ma a canza shi. Taya kuwa tana ɗauke da shekarunta a gefe: 2319, watau mako na 23 cikin 2019. Wadda ta tsattsage a yar da ita, ko da zanenta bai cinye ba.

Bayan an gama, saura kiyayewa. Takin zamani yana jawo laima, yana cin ƙarfe kamar gishiri. Duk ranar da aka ɗauko shi, a shimfiɗa katako ko leda tukuna, in an sauke a share a wanke. A riƙa ajiye motar cikin rumfa, kuma kowace shekara kafin ruwan fari a sake shiga ƙarƙashinta da tocila.